Gindi da Tsayi: Tarihin Awon Fili Mai Kusurwa Uku

1. Gabatarwa

Akwai wata ƙa'ida ta lissafi wadda kusan duk wanda ya zauna a manyan azuzuwan makarantar firamare ya haddace ta, watau ƙa'idar gano girman fili mai kusurwa uku, wanda littattafan makaranta ke kira alwatika. Ƙa'idar ita ce a auna gindin alwatikar, a auna tsayinta, a ninka ɗaya da ɗaya, sa'an nan a raba abin da ya fito gida biyu a ɗauki rabi. Saboda gajartarta, da yawa cikin waɗanda suka haddace ta sukan ɗauka amfaninta ya ƙare tun ranar da suka fito daga ɗakin jarrabawa. Tarihi kuwa ya nuna saɓanin haka. Yau kusan shekara dubu huɗu ke nan ana rubuta wannan ƙa'ida, kuma waɗanda suka fara rubuta ta ma'aikatan hukuma ne, masu awon gonaki da yanka wa talakawa haraji.

Wuyar ƙa'idar duka tana cikin kalma guda, watau tsayi. Gindin alwatika shi ne kowane ɗaya daga cikin gefenta uku da aka zaɓa aka ce a kansa take zaune. Tsayi kuwa shi ne nisan da ke tsakanin tsininta da wannan gindi, idan an sauko sak ba tare da karkata dama ko hagu ba, kamar yadda igiyar magini mai nauyi a ƙarshenta take sauka. Gefen gona abu ne da ido ke gani, ƙafa ke takawa, kuma sau da yawa akwai shinge ko turken iyaka a kansa. Tsayin gona kuwa ba shi da shinge, ba shi da alama, ta tsakiyar shuka yake ratsawa. Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin yadda al'ummomi dabam-dabam suka koyi rarrabewa tsakanin gefe da tsayi, da kuma irin asarar da manomi ya riƙa yi a duk inda aka gaza rarrabe su.

2. Gonakin Bakin Nilu

A ƙasar Masar ta dā, kogin Nilu yakan cika ya malala bisa gonaki kowace shekara, ya bar laka mai albarka, amma kuma ya shafe iyakoki, wani lokaci ma ya zaftare gaci ya tafi da wani yanki na gonar mutum. Marubucin tarihin nan na Yunanawa, Hirodotas, wanda ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya ba da labarin cewa idan kogi ya ci gonar wani, sai ya kai kuka ga sarki, sarki kuwa ya aiki ma'auna su gano abin da ya ragu, don a rage masa haraji daidai da asararsa. A ganin Hirodotas daga nan ne ilmin awon ƙasa ya samo asali. A kabarin wani magatakardan gonaki mai suna Menna, a yammacin birnin Luksor na yanzu, har yau ana iya ganin zanen ma'auna sun miƙa igiya a bakin gonar hatsi, magatakarda na biye da su da kayan rubutu.

Shaidar da ta fi wannan ƙarfi ita ce wata doguwar takarda da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, kuma shi da kansa ya ce daga wani tsohon rubutu ya ɗauko ta, wanda ya girme shi da kusan shekara ɗari uku. Wani mutumin Sikotilan, Henry Rhind, ya saye ta a Luksor a 1858, yanzu kuma tana gidan adana kayan tarihi na Biritaniya a Landan. Tambaya ta 51 a cikinta ta shafi gona mai kusurwa uku, mai gindi khet 4, da wani awo na biyu khet 10. Shi khet igiya ce mai kamu ɗari, watau kimanin mita 52 da rabi. Ahmes ya ce a ɗauki rabin 4, watau 2, domin a mai da gonar mai kusurwa huɗu, sa'an nan a ninka 10 sau 2, a sami 20. Wannan 20 kuwa ya kama hekta biyar da rabi a awon yau. Wata takardar da ta girmi wannan, wadda ke birnin Mosko, ita ma ta kawo tambaya mai waɗannan alƙaluma, da wannan amsa.

Abin lura a nan shi ne dalilin da Ahmes ya bayar na ɗaukar rabi. Ya gane cewa fili mai kusurwa uku ana iya yanka shi a sake jera shi ya zama mai kusurwa huɗu madaidaita. Amma akwai inda gizo ke saƙa. Kalmar da ya kira awo na biyu da ita, watau meryt, asalin ma'anarta gaci ko bakin kogi, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan ko tsayi yake nufi ko kuwa gefe. Idan tsayi ne, amsarsa daidai take. Idan kuwa gefen gona ne guda biyu kowanne khet 10, to, tsayin gaskiya bai wuce 9.8 ba, girman gonar kuma 19.6 ne maimakon 20. Bambancin kaɗan ne, kashi biyu cikin ɗari, domin gonar siririya ce doguwa. Ƙanƙantar wannan bambanci a siraran gonaki tana cikin abin da ya sa ruɗani tsakanin gefe da tsayi ya yi tsawon rai.

3. Allunan Yumɓu na Babila

A daidai wannan zamani, a ƙasar da ake kira Iraƙi yanzu, magatakardan Babila suna rubutu a kan allunan yumɓu ɗanye, suna danna shi da tsinken kara. Sunan da suka ba alwatika shi ne santakkum, kalmar da kuma suke kiran ɗan tabon nan mai tsini da karan rubutunsu ke bari a jikin yumɓu. An tono wani allo a Tal Harmal, a gefen Bagadaza, wanda aka rubuta wajen 1800 kafin Miladiyya, ɗauke da zanen alwatika mai gefe 45 da 60 da 75. A irin wannan alwatika, gefe biyun farko sun haɗu a kusurwa madaidaiciya, irin kusurwar takarda, saboda haka ɗayansu gindi ne, ɗayan kuma shi ne tsayin da kansa. Rabin 45 sau 60 ya ba da 1,350, babu wata tababa.

Wannan ya nuna wa ma'auna wata dabara. Tun da alwatika mai kusurwa madaidaiciya ba ta ɓoye tsayinta, mafita ita ce a yayyanka kowace gona, kome karkacewarta, zuwa irin waɗannan gutsattsari. Akwai wani allo da aka haƙo a tsohon garin Sippar a 1894, yanzu yana gidan kayan tarihi na Istambul, wanda wani masani ɗan ƙasar Ostireliya, Daniel Mansfield, ya yi bayaninsa a 2021. Taswirar wata gona ce da aka sayar da wani yanki nata, an rarraba ta zuwa filaye masu kusurwa huɗu da alwatikai masu kusurwa madaidaiciya, an rubuta awon kowanne a jikinsa. Inda ciniki ya shiga tsakanin mutum biyu, kowannensu yana ƙirga abin da zai biya ko zai karɓa, ma'auni ba shi da damar yin kintace.

4. Kuskuren da Aka Sassaƙa a Dutse

Duk da haka, tare da wannan sani akwai wata gajeruwar hanya da ma'aikata suka fi so, a Babila da Masar baki ɗaya. Idan gona tana da gefe huɗu, sai a haɗa gefe biyun da ke fuskantar juna a ɗauki rabinsu, a yi wa sauran biyun haka, sa'an nan a ninka. Hanyar tana da sauƙi, domin ma'auni ba ya bukatar shiga cikin shuka, zagaya iyaka kawai zai yi da igiyarsa. A bangon haikalin Edfu, a kudancin Masar, wanda aka fara ginawa a 237 aka gama a 57 kafin Miladiyya, an sassaƙa jerin gonakin da aka mallaka wa haikalin, kowace da awon gefenta huɗu da girmanta bisa wannan hanya. Idan gonar mai kusurwa uku ce, sai a rubuta cewa gefe na huɗu babu kome, a ci gaba da lissafi kamar yadda aka saba.

Illar wannan hanya ita ce kuskurenta gefe guda yake karkata kullum. In dai ba gonar ta kasance mai kusurwa huɗu madaidaita ba, amsar da take bayarwa takan fi gaskiya yawa, ba ta taɓa gazawa. Dalili kuwa shi ne gefen da ya karkace ya fi tsayin da ya sauko sak tsawo, kamar yadda tsanin da aka jingina ya fi nisan da ke tsakanin ƙasa da inda kansa ya taɓa bango. Alal misali, a ɗauki gona mai gindi igiya 14, gefe ɗaya 13, ɗayan 15. Bisa hanyar Edfu, rabin 14 shi ne 7, matsakaicin 13 da 15 shi ne 14, abin da ya fito kuwa 98. Amma tsayin wannan gona na gaskiya 12 ne, saboda haka girmanta 7 sau 12, watau 84. An ƙara wa gonar 14 da babu su a doron ƙasa, kashi ɗaya cikin shida na girmanta. Idan bisa wannan awo aka yanka haraji, manomin da ya kamata ya kai buhu shida sai ya kai bakwai, bana da baɗi, shi da 'ya'yansa, ba tare da wani ya yi niyyar zaluntarsa ba. Yana da kyau a riƙe waɗannan alƙaluma uku, 13 da 14 da 15, domin za su sake bayyana a ƙasashen da ke nesa da juna ƙwarai.

5. Yunanawa da Kafa Hujja

Magatakardan Masar da Babila sun koyar da yadda ake yi. Wanda ya tsara hujjar abin a rubuce shi ne Uklidus, wanda ya yi zamani a birnin Iskandariyya wajen 300 kafin Miladiyya. A kashi na farko na littafinsa, wanda Larabawa suka sa wa suna Kitabul Usul, ya tabbatar da abubuwa biyu. Na farko, idan aka ja layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, waɗanda ba su taɓa haɗuwa, aka kafa gindi a kan na ƙasa, to, duk inda aka ɗora tsinin alwatika a kan na sama girmanta ɗaya ne. Tana iya tsayawa sak, tana iya kishingiɗa har tsininta ya wuce gindin da nisa, gefenta ya yi ta ƙara tsawo, amma filinta ba zai ƙaru da ko taki ɗaya ba. Na biyu, kowace alwatika rabi ce ta fili mai gefe huɗu wanda gefensa masu fuskantar juna ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, in sun yi tarayya da shi a gindi da kuma waɗannan layuka biyu. Waɗannan su ne mas'ala ta 37 da ta 41. Da su ne aka yanke hukunci cewa tsawon gefe shi kaɗai ba ya nuna girman fili.

Abin mamaki shi ne Uklidus bai kawo alƙalami ko ɗaya ba, bai ambaci gona ko haraji ba. Amma a farkon kashi na shida ya kawo wata mas'ala wadda duk mai rabon gado zai ga amfaninta, cewa alwatikai masu tsayi ɗaya girmansu yana bin tsawon gindinsu. Idan mutum ya rasu ya bar ɗa da 'ya, da gona mai kusurwa uku mai gindi igiya 30 da tsayi 20, girmanta 300 ke nan. Sai a raba gindin kawai, 20 da 10, a ja igiya daga wurin rabon zuwa tsini. Ɗa ya sami 200, 'ya ta sami 100, ba tare da an auna wani abu dabam ba.

Arshimidas na Sirakusa, wanda ya mutu a 212 kafin Miladiyya, ya kai ƙa'idar inda ba a zata ba. Ya nuna cewa girman da'ira daidai yake da na alwatika wadda gindinta ya kai tsawon kewayen da'irar, tsayinta kuma ya kai nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta. Bayansa, a ƙarni na farko na Miladiyya, wani injiniya na Iskandariyya mai suna Hiron ya rubuta hanyar da ta share wa ma'auni hawaye, watau gano girman alwatika daga gefenta uku kaɗai. A gona mai gefe 13 da 14 da 15, sai a haɗa su a sami 42, a ɗauki rabi, 21. A cire kowane gefe daga 21, a sami 8 da 7 da 6. A ninka 21 da waɗannan ukun, a sami 7,056. Lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da haka ita ce 84. Al-Biruni ya ce Arshimidas ne ya fara gano wannan hanya. Littafin Hiron da ke ɗauke da ita, Metrika, ya ɓace ɗaruruwan shekaru, sai a 1896 aka tsinci kwafinsa a Istambul.

6. Sin da Indiya

Can gabas mai nisa, ma'aikatan daular Han ta ƙasar Sin suna da nasu littafin, mai babi tara, wanda aka kammala tsara shi wajen ƙarni na farko na Miladiyya. Babinsa na farko gaba ɗaya a kan awon gonaki yake. A ciki akwai gona mai kusurwa uku mai gindi taki 12 da tsayi taki 21, amsa kuwa 126. Marubutan sun kiyaye, sun kira awo na biyun da sunan da ke nufin tsawo miƙaƙƙe, don kada a ɗauke shi a matsayin gefe. A shekara ta 263 wani malami mai suna Liu Hui ya yi wa littafin sharhi, ya bayyana dalilin ƙa'idar da cewa ana yanke abin da ya yi rara ne a cike gurbin da ya gaza. Wannan shi ne tunanin Ahmes, a wani harshe, bayan fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari bakwai. A 1247 kuma Cin Jiushawo ya kawo hanyar gefe uku, da misalin wani fili mai gefe 13 da 14 da 15.

A Indiya, Aryabata ya rubuta a 499 cewa girman alwatika shi ne rabin gindi sau layin da ya sauko sak. Brahmagubta kuwa, a littafinsa na shekara ta 628, ya yi wani abu da ya kamata kowane ma'aikaci ya yi koyi da shi. Ya kawo hanyoyin nan biyu a wuri ɗaya, ta matsakaicin gefe da ta gaskiya, ya laƙaba wa ta farko sunan awon kintace, ta biyu kuma awon daidai. Bai hana amfani da kintace ba, domin Hausawa ma sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Abin da ya yi shi ne kiran kowace hanya da sunanta, don kada kintace ya shiga rijista da rigar gaskiya.

7. Bagadaza: Haraji, Gado da Mafaɗar Dutse

Bayan da Musulmi suka ci ƙasar Iraƙi, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya ƙi raba gonakinta ga mayaƙa, ya bar su hannun manomansu, ya aza musu haraji bisa girman fili da irin abin da ake shukawa. Ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu ya auna ƙasar. Tun daga nan awon ƙasa, wanda Larabawa ke kira misaha, ya zama ilmin da baitulmali ba ya iya rabuwa da shi. A zamanin Haruna Rashid aka fara fassara littafin Uklidus zuwa Larabci, a hannun Hajjaju ɗan Maɗar, daga baya kuma Is'haƙu ɗan Hunaini ya sake fassara shi, Sabitu ɗan Ƙurra ya gyara.

Wajen shekara ta 820, a zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara. A gabatarwarsa ya bayyana cewa ya rubuta shi ne don bukatun mutane na rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙa magudanan ruwa. A babin misaha ya ɗauko alwatikar nan mai gefe 13 da 14 da 15, ya nuna yadda za a gano tsayinta ba tare da an auna shi ba. Wurin da tsayi ke sauka a kan gindi ya kira shi mafaɗar dutse, watau inda dutse zai faɗi in an sake shi daga tsini. Nisan wannan wuri daga kusurwar da ke kusa da gefe 13 ba a san shi ba, sai ya kira shi abu. Tun da tsayin nan ɗaya ne ya raba alwatikar zuwa biyu masu kusurwa madaidaiciya, ana iya lissafa shi ta hagu, a kuma lissafa shi ta dama, kuma dole amsoshin su zo ɗaya. Da ya daidaita su sai abu ya fito 5, saura 9, tsayi 12, girma 84. A nan sabon ilmin aljabara ya yi wa tsohon ilmin awo hidima, layin da ba a gani ya fito da ƙarfin lissafi.

Amma littafi dabam, ofis dabam. Fiye da shekara ɗari bayan haka, Abul Wafa Al-Buzajani, wanda aka haifa a 940 ya rasu a Bagadaza wajen 998, ya rubuta littafi musamman don magatakarda da masu karɓar haraji. A ciki ya nuna cewa ma'aunan zamaninsa suna nan suna ninka matsakaicin gefe da matsakaicin gefe, ya kuma ce wannan kuskure ne bayyananne. Shekara dubu da ɗari uku bayan Uklidus, hanyar bangon Edfu tana nan da ranta a hannun ma'aikata.

8. Turai, Sarƙar Safiyo da Malaman Taki

Turai ta wancan zamani tana baya ƙwarai. Wajen ƙarshen ƙarni na 10, wani malamin coci mai suna Adalbold ya tambayi Gerbert, wanda ya zama Paparoma Silbesta na Biyu a 999, abin da ya sa hanyoyi biyu na awon alwatika mai gefe daidai suke ba da amsa biyu. Gerbert ya amsa da misalin alwatika mai gefe 7. Wata hanya da aka gada daga ma'aunan Rumawa tana haɗa 7 da 6 da 5 har zuwa 1, ta ba da 28. Hanyar gindi da tsayi kuwa, idan an ɗauki tsayin a matsayin 6, tana ba da 21. Ya bayyana cewa hanyar farko tana ƙirga 'yan murabba'ai ne cikakku, har da ɓangarorinsu da suka leƙa wajen iyaka. Amsar gaskiya ta ɗara 21 da ɗan kaɗan. Sai a ƙarni na 12, da aka fassara Uklidus da Al-Khawarizmi daga Larabci zuwa Latin, Turawa suka sami cikakken ilmin.

A 1620 wani Bature ɗan Ingila, Edmund Gunter, ya ƙirƙiro sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, wadda murabba'inta goma ke ba da eka ɗaya. Aikin safiyo mai sarƙa shi ne ya yayyanka fili zuwa alwatikai, ya auna kowace, ya tara. Gona mai gindi sarƙa 4 da tsayi sarƙa 10 tana ba da 20, watau eka biyu, lissafin Ahmes bai canza ba.

A nan ne tarihin ya taɓo ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa, kuɗin ƙasa a kan magidanta ko a kan galma ake aza shi, ba bisa awon gona ba. Bayan cin Kano a 1903, cikin shekarun farko na mulkin Turawa, aka shigo da tsarin taki a wasu gundumomi, inda malaman taki na En'e ke bin gonaki suna auna su da taku, a yanka wa kowa haraji bisa girman gonarsa. Daga baya aka kawo ma'aikatan safiyo masu horo don awon da ya fi wannan inganci. Duk ma'aunin da ya tsaya ga taka iyaka kaɗai, a Kano yake ko a Edfu, tarko ɗaya ne a gabansa, domin gefe huɗu ba su isa su nuna girman gona ba sai an san yadda kusurwoyinta suka karkata. Alwatika ce kaɗai gefenta ke ƙayyade siffarta, shi ya sa safiyo ke ratsa gona da igiya daga kusurwa zuwa kusurwa.

9. Kammalawa

Yanzu sarƙa da igiya sun ja baya, na'urorin da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam sun karɓi aikinsu, kwamfuta kuma ita ke fitar da girman fili cikin ƙiftawar ido. Amma lissafin da kwamfutar ke yi da wuraren da aka ba ta daidai yake da yanka filin zuwa alwatikai a tara girmansu, kowace rabin gindi sau tsayi. Alƙalamin da ke kan takardar mallakar fili, da wanda ake biyan diyya a kansa idan hanya ta ci gonar mutum, da wanda alƙali ke dogara da shi ranar rabon gado, duk daga wannan ƙa'ida suka fito.

Tarihin nan ya nuna cewa sanin ƙa'ida ya riga aiki da ita da nisa. An san amsar daidai tun zamanin Ahmes, an kafa mata hujja tun zamanin Uklidus, amma hanyar kintace ta ci gaba da zama a ofisoshi, saboda ta fi sauƙi, kuma saboda kuskurenta a wajen haraji bai taɓa cutar da mai karɓa ba. Wanda ya biya kuɗin wannan sauƙi shi ne mai gona, wanda galibi bai iya karanta rijistar da aka rubuta sunansa a ciki ba. Saboda haka ɗalibin da ke haddace rabin gindi sau tsayi, da ma'aikacin da takardar awo ke biyowa ta teburinsa don ya sa hannu, tambaya ɗaya ta wajaba a kansu kafin su amince da kowane alƙalami: wannan awo na biyu, tsayi ne ko gefe? A gona mai gefe 13 da 14 da 15, amsar wannan tambaya ita ce bambancin buhu shida da buhu bakwai.